Amsar Tambayarku: Tafiyar Kwale-kwale Daga Bussa Har Bakin Teku

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda daga Gwaram, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hoton Turawa a waya, kowa cikin ɗan siririn jirginsa, suna bin gaɓar teku mai sanyi kwana da kwanaki. Shin wannan wasan nasu ne su kaɗai, ko an taɓa yin irin wannan tafiya a ƙasarmu?

To malam, mun gode da wasiƙarka. Shi wannan jirgi sunansa kayak, kuma ba Bature ne ya ƙago shi ba. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da arewacin Kanada. Da fatar dabbar teku suke rufe shi, su fita farauta. Mu ma ba baƙin ruwa ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka ce ya kai shekara 8,000.

Amma doguwar tafiyar ayari har teku, ga wadda tarihi ya riƙe. Turawa sun daɗe suna gardamar inda Kogin Kwara yake ƙarewa. Mungo Park ya gwada binsa, ya halaka a duwatsun Bussa a 1806. Kyaftin Clapperton ya zo, ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander shi ne ya dawo a 1830 tare da ƙanensa John. Suka sauka a Badagiri, suka yi ƙasa har Bussa, suka leƙa Yawuri, sannan a watan Satumba suka shiga ruwa suka nufi kudu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, akwai Bahaushe a cikin ayarin. Sunansa Abubakar, mutumin Gobir, Turawa na ce masa Pasko. An taɓa sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, har ya yi aikin jirgin ruwa. Shi ne tafintansu. Haka kuma ba Turawan ne gwanayen tuƙin ba. Jiragen na mutanen bakin kogi ne, suna yoyo ana kwalfewa, kuma daga gari zuwa gari sai an nemi matuƙan da suka san inda dutse yake da inda ruwa ke juyi.

Suka wuce Raba ta ƙasar Nufe. A ƙarshen Oktoba suka iso inda Binuwai ta haɗu da Kwara, wurin da Lokoja take a yau. Can gaba aka far musu, aka washe kayansu, aka kai su gaban sarkin Abo. Wani basarake daga Brass ne ya fanshe su, ya ɗauke su a jirginsa. A watan Nuwamba suka fito teku ta bakin Kogin Nun, wajen wata biyu ke nan a kan ruwa.

A can kusa da teku ne ruwa ke canza hali. Kai ka saba kogi ya cika da damina, ya janye da rani. Shi kuwa teku sau biyu yake cikowa a kwana guda, sau biyu yana janyewa, kowanne wajen awa shida, saboda jan da wata ke yi wa ruwa. Wanda bai san lokacin ba, jirginsa sai ya kafe a taɓo, ko ruwa ya yi waje da shi. Shi ya sa waɗancan masu kayak ba sa tashi sai sun duba lokacin cikowa, ba sa tafiya ɗai-ɗai, kuma kowa da rigar da ke hana nutsewa, don ruwan sanyi kan sandarar da hannu cikin 'yan mintoci.

To jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, mu ba mu da teku, amma idan Agusta ta yi kogunanmu ba sa wasa. Ranar kasuwa za ka ga an loda buhunan hatsi, da awaki, da babur, da mata da goyo a jirgi ɗaya, kowa na gudun kada ciniki ya wuce shi. Park ya kutsa bai tsaya neman yardar masu kogi ba, bai kai ba. Su Lander sun bi ta hannun masu kogin, sun kai. Idan mai fito ya ce jirgi ya cika, ko ya ce a dakata ruwa ya sauka, don Allah a saurare shi. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.

Allah ya kiyaye mu. Sai mun ji daga gare ku.