Masu Riƙau da Masu Sassauci: Tarihin Rabuwar, da Bashin da Ya Rage a Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, darasin wannan mako a kan ƙabli da ba'adi ya kamata ya kasance, amma na ɗage shi saboda wani abu da na gani a sahu. Wani saurayi daga cikin ɗalibanmu ya janye ƙafarsa daga ta wani dattijo, tsohon malamin lakwal, ya koma can ƙarshen sahu. Da aka sallame na tambaye shi dalili, sai ya ce mutumin ɗan layik ne, an ce yana cikin masu goyon bayan dokar iyali. Saurayin nan ba a haife shi ba lokacin da aka yi wancan rikici, bai kuma taɓa ɗora idonsa a kan takardar ba. A waya ya ji cewa mutane kashi biyu ne, masu riƙau da masu sassauci, ɗaya kashin na addini, ɗayan na Nasara. To, bari mu bi sawun wannan rabo mu ga ko haka yake.

Su kansu sunayen aro ne. A majalisar Faransa ta 1789 masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu son sauyi suka zauna a hagu, daga nan duniya ta ɗauki "dama" da "hagu" a siyasa. Kada ka rikita wannan da ma'abota dama da ma'abota hagu da Alƙur'ani ya ba da labarinsu. Wancan hukuncin Allah ne a ranar sakamako, wannan kuwa jerin kujeru ne a wani zaure na ƙasar Faransa.

Ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau, a 1754. A yau duk mai son ya nuna riƙo da gadon magabata sunan Shehu yake fara kamawa. Amma a zamaninsa malaman fada kallon mai kawo baƙon abu suke yi masa. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisin wa'azinsa, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure suna barin matansu da ƴaƴansu mata ba su san ko hukuncin tsarki ba. Ƴarsa Nana Asma'u ta kafa ƴan taru, jajis suna yawo ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A ma'aunin saurayinmu, wane kashi za a saka Shehu?

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu mutanen Damagaram. Bayan hijirar Gudu a 1804, yaƙi ya kai ga Barno, wadda a lokacin sarakunan Damagaram ke ƙarƙashinta. Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, kuma Bello ya adana su a cikin Infaƙul Maisuri. Hujjar Alkanemi ita ce: cin hanci, da cin dukiyar maraya, da fitar mata ba lulluɓi, duk saɓo ne, amma saɓo ba kafirci ba ne, kuma ana aikata irinsu a Masar da Sham ba wanda ya ce mutanen can sun bar Musulunci. Hujjar Bello ita ce Barno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar jama'ar Shehu. Manyan malamai biyu ke nan, mazhabarsu ɗaya, littattafansu ɗaya. Ka kuma lura cewa Shehu Usmanu ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta mutum saboda babban zunubi, duk da girman da yake ba shi. Wannan tambaya, wato wa ke da ikon fitar da Musulmi daga addini, ta riga dimokuraɗiyya zuwa ƙasar nan da kusan shekara 200.

Zamanin neman ƴancin kai zan bi ta kansa da sauri, domin dattawanmu sun fi ni saninsa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a ga Faransa, akasarin sarakuna suka bi i, a 1959 aka haramta Sawaba. A Kano kuma Malam Aminu da NEPU, wadda aka kafa a 1950, suna ja da sarakuna da jam'iyyar Sardauna. Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri ne, da ayoyin adalci yake sukar zaluncin haraji da aikin tilas, su kuma abokan hamayyarsa da wajibcin ɗa'a ga shugaba suke mayar masa. Kowane ɓangare yana da malamansa, kuma alƙibla ɗaya suke fuskanta.

Sai Izala. An kafa ta a Jos a 1978 a hannun Shehu Isma'ila Idris, da tasirin karatun Shehu Abubakar Gumi da ake ji a rediyon Kaduna, ta shigo mana ta hanyar fatake da kasat, musamman ta Maraɗi. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda ƙabalu da sadalu suka raba uba da ɗa, aka ƙi cin yankan juna, aka gina masallaci a gaban masallaci. Turawan da ke rubutu a kanmu suna kiran Izala masu riƙau. Amma su ne suka fito da matan aure zuwa makarantun Islamiyya, suka yaƙi tsadar biki da suna, suka ce almajiri yana iya tambayar malaminsa hujja. A idon tsohon muƙaddami na wancan lokaci, su ne masu rushe gado. Su kuma ƴan ɗariƙa, da ake cewa masu sauƙin kai ne, su ne suka fi riƙo da sarauta da tsohon tsari. Idan ka ce wane mai riƙau ne, sai na tambaye ka: me ya riƙe? Littafi, ko al'ada, ko kujera?

Tun 1974, da Seyni Kountché ya kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, baki ɗaya ne aka yarda ya yi magana da sunan addini. Taron Ƙasa na 1991, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, shi ya buɗe ƙofa, kuma da ta buɗe kowa ya shigo. Kafin taron ma, ranar 13 ga Mayu, mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya shi. Ƙungiyoyin addini su ma suka yawaita. Karon farko a kan kalmar "layik" aka yi shi, kalmar da Faransa ta gada daga rikicinta da coci har ta kai ga dokar 1905. Malamai suka ce ba mu da coci, ba mu da Paparoma, kalmar a kunnen talaka tana nufin ƙasa marar addini. Aka sauya lafazin a tsarin mulkin 1992, na 2010 kuma ya yi maganar raba gwamnati da addini. Kowa ya koma gida yana cewa shi ya yi nasara.

Daga nan sai karo ya bi karo. A Nuwamban 2000, shekarar da Zamfara ta fara aiki da shari'a, aka yi tarzoma a Yamai da Maraɗi a kan bikin nuna tufafi na FIMA, gwamnati ta rusa wasu ƙungiyoyin addini. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin mata. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 kuwa ba sai na tuna maka ba: fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya koma ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, washegari a Yamai, aka rasa rayuka. Fushin yana da dalili, domin ba Musulmin da zai ji an taɓa Annabi zuciyarsa ba ta tafasa ba. Amma maƙwabcinmu Kirista da aka ƙona wa ɗakin ibada ba shi ya yi zanen ba, kuma ban san babin da ya halatta kama wani da laifin wani ba.

Yanzu mu dawo ga dokar iyali, tunda ita ta raba ƙafar saurayi da ta dattijo. An fara shirya ta tun zamanin Kountché, aka fito da daftarinta a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin Musulunci suka tashi a kanta, aka ajiye ta a 1994. A 2011 aka sake gwadawa da wani suna, aka sake janyewa. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi ta ina matashi, kuma har yau ina ganin muna da hujja: an rubuta ta a ofis da Faransanci, ba a zauna da malamai zaman ƙwarai ba, kuma Musulmi ba zai yarda a taɓa abin da nassi ya yanke, kamar rabon gado, ba. Ban yi nadamar cewa a'a ba.

Abin da nake nadama shi ne abin da ba mu yi ba bayan a'ar. Dokar 1962, wadda aka sabunta a 2004, ta ce a sha'anin aure da saki da gado, al'adar masu ƙara kotu ke bi, tare da masu ba alƙali shawara a kan al'ada. Ka ji kalmar da kyau: al'ada, ba fiƙihu ba. Mu kuma muka yi murna kamar mun kare shari'a, alhali a wurare da yawa al'adar ce muka kare.

Ga misali daga zaurena, kuma na san kowane limami daga nan Matamaye har Kance da Ɗan Barto yana da irinsa. Mace ta zo da goyo a baya, an sake ta da dare, an ce ta kwashe kayanta kafin gari ya waye, an riƙe mata yaro ɗan shekara huɗu. Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da mace daga ɗakinta cikin idda. A saki na kome, ci da sha da wurin kwananta suna kan miji har iddar ta cika. Mai ciki kuwa, ko da sakin ba na kome ba ne, ciyar da ita wajibi ne har ta haihu. A mazhabar Imamu Malik uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, ƴa mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, kuma ko ta yi, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye. Wannan ba daga Maputo ya zo ba. Yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da muke bitarta tun muna yara, yana cikin Muhtasar na Halilu. Haka nan rabon ƴa mace a gona: Suratun Nisa'i ta yanke shi, amma sau nawa ka ga an zo rabon gado an ce mace ba ta gadon ƙasa, a ba ta ɗan kuɗi ta yi haƙuri? Mutumin da ya yi wannan, idan aka ambaci dokar iyali shi ne zai fi kowa ɗaga murya. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na ƴan lakwal.

Su ma ƴan lakwal da ƙungiyoyin mata suna da nasu. Da yawansu sun ga zaluncin da idonsu, suka tafi neman maganinsa a takardun ƙasashen waje da kuɗin masu ba da tallafi, alhali rabin abin da suke nema yana cikin littafin da ke kan buzun limamin unguwarsu. Da sun zo da Risala a hannu, da wuya a sami wanda zai iya kiran su ƴan koren Nasara.

Wasu ƙasashen sun gwada wata hanya. Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, ta yi sabuwar dokar iyali a 2004 da malaman fiƙihu a cikin kwamitin, ta mayar da saki a gaban alƙali, ba ta taɓa rabon gadon da nassi ya yanke ba. Ban ce duk abin da ke ciki na yarda da shi ba. A Kano ma, a 2017, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya yi maganar dokar iyali da malamai za su tsara daga fiƙihun Malikiyya, aka yi masa ca. Mu a nan tun 1994 da muka ce a'a, har yau ba mu ajiye namu daftarin a kan tebur mun ce ga abin da shari'a ta ce, a tilasta shi ba.

Na je na sami dattijon nan a gidansa. Ashe abin da ya sa ya goyi bayan dokar a wancan lokaci, ƙanwarsa ce aka saka aka raba ta da ƴaƴanta uku, ya yi yawo wurin malamai ba wanda ya tsaya mata. Bai taɓa musun aya ba, bai taɓa barin salla ba. Na gaya masa inda nake ganin daftarin ya kauce, ya saurara, bai yarda da ni duka ba. Saurayin kuma na karanta masa abin da Suratul Hujurati ta wajabta na bincika labari kafin a yi aiki da shi, da hanin jifan juna da miyagun laƙubba, na kuma tuna masa gargaɗin da ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kalmar kafirci idan aka jefa ta ga wanda bai cancanta ba, kan mai jifan take komawa. Daidaita sahu umarni ne, kuma ba a ɗora maka binciken ƙuri'ar wanda ke gefenka ba kafin ka haɗa kafaɗa da shi. Na ce ya je ya nemi gafarar dattijon. Ya ce zai je.

Daga Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, bayan sallar Magariba za mu buɗe babin aure da saki a Risala, mu bi shi har idda da ciyarwa da reno, sannan gado. Za a shimfiɗa wa mata tabarmi a bayan labule, kuma duk wadda ke da tambaya tana iya aiko ta a rubuce ba tare da suna ba. Ƙabli da ba'adi sai mun gama. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.