Yadda Aka Yi wa Rangers Jana'iza da Ranta

Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, tun kafin alƙalin wasa ya busa usur a filin Celtic Park da ke gabashin Glasgow, magoya bayan Celtic suka warware wani ƙaton ƙyalle. A jikinsa an zana mahaya dawaki huɗu, irin waɗanda Kiristoci ke cewa za su bayyana a ƙarshen zamani. Ɗaya kocin Celtic ne, Neil Lennon. Ɗaya mai karɓar haraji ne, ɗaya mutuwa ce riƙe da laujenta, na huɗun kuwa Craig Whyte ne, mai kulob ɗin Rangers. Gefe da gefe an ɗaga allunan kaburbura. Magoya bayan Rangers na can a kusurwar baƙi suna kallon jana'izar kulob ɗinsu, alhali 'yan wasansu na motsa jiki a fili. Celtic ta ci 3-0, kuma sai da aka yi kusan shekara uku kafin ƙungiyoyin biyu su sake haɗuwa.

Gabar da ta haifi wannan ƙyalle ta girmi duk wanda ya riƙe shi. An kafa Rangers a 1872. Celtic ta zo a 1887, lokacin da wani malamin Katolika mai suna Walfrid ya kafa ta don tara kuɗin ciyar da 'ya'yan talakawan Ailan da suka yi ƙaura zuwa Glasgow. A wasansu na farko, a watan Mayun 1888, Celtic ta ci 5-2. Sannu a hankali kowace ta zama tutar wasu mutane: Celtic ta 'yan Katolika masu asalin Ailan, Rangers ta 'yan Furotesta masu biyayya ga masarautar Birtaniya. Rangers ta yi shekaru da dama tana ƙin ɗaukar fitaccen ɗan wasa ɗan Katolika, har sai da kocinta Graeme Souness ya sayo Mo Johnston a 1989.

Sai dai gabar tana kawo kuɗi, kuma jama'a sun gane haka tun da wuri. Laƙabin da ake yi wa ƙungiyoyin biyu a haɗe, Old Firm, ma'anarsa tsohon kamfani, habaici ne ga abokan gaba masu cin kasuwa ɗaya. A 1909 sun yi canjaras sau biyu a wasan ƙarshe na Kofin Sikotilan. 'Yan kallo suka yi zargin ana jan wasan ne don a sake karɓar kuɗin ƙofa, suka afka filin Hampden suka cinna wuta. A shekarar ba a ba kowa kofin ba.

Celtic ce ta fara leƙa rami. A farkon 1994 bashi ya yi mata katutu, filinta ya tsufa, magoya bayanta sun yi yajin zuwa kallo don su kori iyalan da suka daɗe suna riƙe da kulob. A gari ana yi mata gori cewa gwangwanin biskit ne baitulmalinta. Banki na gab da karɓe ta sai Fergus McCann, wani ɗan kasuwa da ya yi arziki a Kanada, ya iso da hularsa hana-sallah a watan Maris ya tsaya mata. Mutanen Rangers ba su zubar da hawaye ba. Suna tsakiyar ɗaukar kofin gasa sau tara a jere, daga 1989 zuwa 1997, kuma talaucin maƙwabciya ya zama abin zolaya a mashaya da wuraren aiki. Magoya bayan Celtic sun haɗiye, sun kuma ajiye lissafi.

David Murray, attajirin ƙarfe da ya sayi Rangers a 1988 kan fam miliyan 6, ya taɓa bugun ƙirji cewa duk fam biyar da Celtic ta kashe, shi zai kashe goma. Ya cika alkawari. A 2000 ya biya Chelsea fam miliyan 12 kan Tore André Flo, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a ƙasar. Daga 2001 zuwa 2010 kuma kulob ya riƙa biyan 'yan wasa da manyan ma'aikata ta bayan gida: a zuba kuɗi a wani asusun amana, asusun ya ba ɗan wasa da sunan rance, rancen da babu ranar biyansa, saboda haka babu haraji a kansa. Fiye da fam miliyan 47 suka bi ta wannan hanya. Hukumar harajin Birtaniya ta ce wannan albashi ne aka sauya wa riga, ta kuma biyo kuɗinta.

Da wuta ta matso, Murray ya sayar wa Craig Whyte da kulob ɗin a watan Mayun 2011 kan fam ɗaya tak, bisa sharaɗin ya biya bashin banki na fam miliyan 18. Whyte ya biya, amma da kuɗin da ya karɓa bayan ya jinginar da tikitin kakar wasa na shekaru masu zuwa. Wato da aljihun magoya baya ya sayi kulob ɗinsu. Ya kuma daina miƙa wa gwamnati harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, har ya taru ya kai kimanin fam miliyan 9. Ranar 14 ga Fabrairu 2012 ragamar Rangers ta koma hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar, aka kuma zabtare mata maki 10. A watan Yuni hukumar haraji ta ƙi yarda da sasanci, tsohon kamfanin ya kama hanyar rushewa, Charles Green da abokansa suka sayi filin kulob ɗin, Ibrox, da sauran kadarori kan fam miliyan 5.5 da sunan wani sabon kamfani, Sevco.

A gabashin Glasgow abin nema ya samu. Askirim da wata alawa mai laushi da ake ci a bikin yara suka zama alamar murna, har wasu na zuwa da su filin wasa. Sunan Sevco ya maye gurbin Rangers a bakinsu. In sun so ƙarin cin fuska sai su kira sabuwar ƙungiyar fatalwa. Shi ma shugaban gudanarwar Celtic, Peter Lawwell, ya fito ya ce kulob ɗinsa zai iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da Rangers ba.

Dariyar Celtic ba ta ba kowa mamaki ba. Abin da ya sauya tarihi daga sauran garuruwa ya fito. Sabon kamfanin ya nemi a bar shi ya zauna a kujerar tsohon a babbar gasa, kuma da farko masu kulob-kulob sun karkata ga amincewa, domin kwangilar talabijin ta rataya ne a kan wasannin Celtic da Rangers, sannan zuwan Rangers gari na nufin cikar fili. Sai magoya bayan Aberdeen da Hibernian da Hearts da Dundee United da sauransu suka ce a'a. Makaminsu ɗaya ne, tikitin kaka, wanda da kuɗinsa ƙananan kulob ke biyan albashi a watannin hutu. Suka ce ba za su sabunta ba muddin aka karya doka saboda mai girma. Hujjarsu a fili take: an kori Livingston zuwa rukuni na huɗu a 2009 saboda matsalar kuɗi, Gretna ta mutu a 2008 ba wanda ya kira taron gaggawa, to me ya sa na Rangers zai bambanta? Motherwell ma sai ta miƙa wa magoya bayanta wuƙa da nama, suka jefa ƙuri'a suka ƙi.

Ranar 4 ga Yuli 2012 kulob goma suka ce ba su yarda ba, Kilmarnock ta ƙaurace, Rangers kaɗai ta zaɓi kanta. Hukumomi suka koma lallashin ƙananan ƙungiyoyi su karɓe ta a rukuni na biyu, don ta dawo sama cikin shekara guda. Shugaban gudanarwar hukumar ƙwallon ƙasar, Stewart Regan, ya yi gargaɗin cewa in ba haka ba ƙwallon Sikotilan za ta yi doguwar jinya ta mutu, har ma a iya samun tarzoma. Turnbull Hutton, shugaban ƙaramin kulob ɗin Raith Rovers, ya tsaya a matakalar Hampden ya faɗa wa 'yan jarida cewa barazana da ƙarya ake yi musu. Ranar 13 ga Yuli, 25 daga cikin kulob 30 suka tura Rangers rukuni na huɗu, can ƙasan tsani. Kocinta Ally McCoist da magoya bayanta da yawa su ma sun ce gara hakan da a yi musu alfarmar da za a riƙa goranta musu.

Wasan farko na sabuwar tafiya an buga shi a Brechin, a wani ɗan fili da shingen ganye ya kare gefensa ɗaya, kuma sai a ƙarin lokaci Rangers ta ci 2-1. Manyan 'yan wasa sun watse, cikinsu har da ɗan Najeriya Sone Aluko da ya koma Hull City. A Peterhead aka yi 2-2, a Stirling aka doke ta 1-0, ƙasar ta kwashe da dariya. Amma ranar 18 ga Agusta mutum 49,118 suka cika Ibrox don kallon wasa da East Stirlingshire, ƙungiyar da 'yan wasanta ke da wasu sana'o'in da rana. A watan Nuwamba, yayin da Rangers ke zagaya ƙananan garuruwa, Celtic ta doke Barcelona 2-1 a Gasar Zakarun Turai, da Efe Ambrose ɗan Kaduna a tsakiyar bayanta. Mutanen Rangers ba su yafe wa waɗanda suka kore su ba. Da ƙuri'ar kofi ta haɗa su da Dundee United a Fabrairun 2013, kulob ɗin ya ƙi karɓar tikitin baƙi, don kada kuɗin magoya bayansa ya shiga aljihun waɗanda suka kore shi.

Mutuwar da aka yi hasashe ba ta zo ba. Kofunan da manyan biyu suka saba rabawa sai suka fara yawo. St Mirren ta ɗauki ɗaya a 2013. A 2014 Aberdeen ta ɗaga kofi karo na farko tun 1995, St Johnstone kuma ta ci Kofin Sikotilan a karon farko a tarihinta. Inverness ta biyo baya a 2015. A 2016 Hibernian ta ci wannan kofi bayan jiran shekara 114, inda ta doke Rangers 3-2 a wasan ƙarshe. Celtic ce ta ji rashin abokiyar gaba a jikinta. Tana ɗaukar gasar ba tare da gumi ba, 'yan kallo suka ragu, har ta rufe wani ɓangare na benen sama na filinta. Kaɗan ne cikin magoya bayanta ke yarda su ce sun yi kewa.

A Edinburgh, garin Hearts da Hibernian, an ga wata fuskar ta wannan hali. A 1990, da shugaban Hearts Wallace Mercer ya yi yunƙurin saye Hibernian ya haɗiye ta, magoya bayan Hearts da dama sun mara wa abokan gabarsu baya, har ɗan gaban Hearts John Robertson ya halarci gangamin ceton Hibernian. Da bashi ya kayar da Hearts a 2013 aka cire mata maki 15, sai magoya bayan Hibernian suka shirya shagalin faɗuwarta, suka ɗunguma filin Hearts, Tynecastle, a ƙarshen Maris 2014 don a yi a gabansu. Hearts ta ci su 2-0. Hearts ta faɗa daga baya kamar yadda aka zata, amma reshe ya juye da mujiya: Hibernian ta yi ta shan kashi har Hamilton ta jefo ta ƙasa a wasan cike gurbi. Maƙwabtan biyu suka tarar da Rangers a rukuni na biyu.

Rangers ta dawo babbar gasa a 2016, Celtic ta yi mata maraba da 5-1. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba hukumar haraji gaskiya kan asusun amanar, magoya bayan Celtic suka nemi a ƙwace kofunan shekarun nan, hukumomi suka ƙi. A 2021 koci Steven Gerrard ya kai Rangers ga kofin gasa ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da Joe Aribo da Leon Balogun da Calvin Bassey a tawagar, ya kuma hana Celtic cika goma a jere.

Gardamar 2012 tana nan da ranta. Magoya bayan Celtic da yawa sun daina furta Old Firm, sai dai su ce wasan hamayyar Glasgow, domin a wurinsu ɗaya daga cikin abokan kamfanin ta rasu. Tun a Janairun 2015 wasunsu suka haɗa kuɗi suka sayi shafi guda a jaridar Sunday Herald don su sanar cewa da sabon kulob za su kara. Rangers kuwa ta rubuta 55 a kan kofinta na 2021, kuma hukumar gasar haka ta ƙirga mata. A Afrilun 2025 Celtic ta ɗauki nata na 55. A lokacin, a littafin hukuma sun yi kunnen doki, a lissafin gabashin Glasgow kuwa 55 ne da 1.