Soja a Gabas: 'Yan Mazan Jiyan Kankiya da Kusada a Ƙasashen Larabawa

Idan Bahaushe ya ce wane ya yi gabas, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Kalmar tana nufin hanyar Makka, da ƙasashen da ke bisa hanyar, da kuma ilmin da ake zaton samu a can. Wanda ya je ya dawo yana da laƙabi, yana da majalisar da za a saurare shi. A cikin wannan maƙala za a dubi wani rukunin mutane waɗanda su ma sun isa gabas ɗin, amma sanye da kaki, bisa umurnin wata hukuma. Ra'ayina shi ne, labarin waɗannan mutane ya rasa mazauni a adabinmu, domin bai shiga sahun labarin alhazai ba, bai kuma shiga na jaruman Bama ba. Na ɗauki Kankiya da Kusada misali saboda ƙasar manoma ce da ke tsakanin Kano da Katsina, irin wadda aka daɗe ana ɗibar kurata daga cikinta.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, watau 1939 zuwa 1945, ta hannun En'e ake ɗaukar soja. Umurni kan fito daga fadar Katsina ya sauka ga hakimai, daga nan ga dagatai da masu unguwa. Nijeriya ta ba da mutum fiye da 100,000 a wannan yaƙi. Waɗanda aka fi tunawa su ne na Runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi da Japan a dajin Bama, su ne kuma Sa'adu Zungur ya yi wa "Maraba da Soja". Kafin su akwai Birged ta 23, wadda ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, ta zarce Harar a ƙasar Habasha. Sai dai akwai kashi na uku da ba a cika ambata ba, su ne kamfanonin aikin ƙarfi da aka kai Masar da maƙwabtanta. Aikinsu sauke kaya daga jiragen ruwa, gyaran hanya, da gadin rumbunan makamai. Babu igwar da suka ƙwato, babu garin da suka ci, saboda haka da suka dawo gida ba su da abin da maroƙi zai kama. Amma hukuma ta san da su. Sarkin Katsina Usman Nagogo, a shekarar da ya hau gadon sarauta, 1944, ya bi ta Masar a tafiyar da ta kai shi Indiya da Bama wurin sojojin Nijeriya.

Abin da ya kamata masanin harshe ya tsaya a kai shi ne yadda ɗan makarantar allo ya yi karo da Larabcin kasuwa. Kurtun da ya fito daga Kusada Hausar bariki yake ji daga bakin saje da samanja, amma Larabci a wurinsa harshen Alƙur'ani ne, kuma yana zaton duk Balarabe malami ne. Ya isa Alƙahira ya tarar mutanen gari suna furta jimun kamar "g", raƙumi ya zama "gamal", ƙafun kuwa sun haɗiye shi ya koma hamza. Ko rubutun ma ya saɓa. Shi da ruwayar Warshu ya tashi, a rubutun da fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun ke da ɗigo ɗaya a bisa. Bugun Alƙahira na 1924 kuwa ruwayar Hafsu ce, fa'un ne ke da ɗigo ɗaya a bisa. Wato harafin da ya sani ƙafun, a nan fa'un ne. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ga mutumin da ya yi sauka, ya buɗe Mus'hafi ya ga idonsa na tuntuɓe, ba ƙarami ba ne. Bugu da ƙari, ya ga Larabawa suna dako, suna bara, suna yi masa ciniki da wayo. Ya kuma ga cewa su a idonsu shi bawan Ingilishi ne, a ƙasar da jama'arta ke ɗokin ganin bayan Ingilishi. Irin wannan labari ba ya daɗin faɗi a zauren da ake girmama duk abin da ya fito daga gabas, kuma ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka bar shi a ciki.

Zango na biyu shi ne Labanan. A watan Maris 1978 Isra'ila ta kutsa kudancin ƙasar har Kogin Litani. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 425 da na 426 ranar 19 ga watan, aka kafa rundunar UNIFIL ƙarƙashin Janar Emmanuel Erskine na Gana. Gwamnatin Obasanjo ta aika da bataliya a shekarar, ana sauya ta lokaci lokaci, har zuwa farkon 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta janye bayan mamayar da Isra'ila ta sake yi a watan Yuni 1982. A wannan karo tutar Ingila ba ta kan sojan, shuɗiyar hula ce a kansa. Amma aikin yana da wuyar bayyanawa ga mutanen ƙauye: an ba ka bindiga, an ce ka tsaya tsakanin mayaƙan Falasɗinawa da 'yan bindigar Manjo Sa'ad Haddad masu samun goyon bayan Isra'ila, kada ka harba sai don kare kai. A watan Maris 1981 mutanen Haddad suka yi ruwan igwa a ƙauyen Kantara, sojojin Nijeriya 3 suka rasa rayukansu. Hausa tana da kirarin wanda ya kai hari, tana da na wanda ya tsare gari. Ba ta tanadi komai ba ga wanda ya mutu yana raba faɗan wasu.

A nan ma addini ya zo da nasa mamakin. Galibin ƙauyukan kudancin Labanan 'yan Shi'a ne, mazhabar da a 1978 talakan Katsina bai san ta ba sai a bakin malamai. Sojan ya ga suna sakin hannu a salla kamar yadda Malikawa ke yi a gida, sai dai suna ɗora goshi bisa ɗan curin ƙasa, kiran sallarsu kuma yana da ƙari. A shekarun ne Imam Musa Sadr ya ɓace a Libiya, a watan Agusta 1978, aka kuma yi juyin juya halin Iran a 1979. A gida kuwa a 1978 ɗin aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, kuma shugabanta Shaihu Isma'ila Idris tsohon limamin soja ne. Kenan waɗannan sojoji sun ga Shi'anci da idonsu a gidansa tun kafin gardamarsa ta cika masallatanmu, amma ban ga an nemi shaidarsu a rubuce-rubucen da ake yi kan lamarin ba. Wani abin lura kuma, garin Juwayya da ke kusa da birnin Sur, cikin yankin UNIFIL, yana daga cikin garuruwan da Kwarorin Kano suka fito. Jikan manomin da ya sayar wa Kwara gyaɗa shi ne ya je yana binciken motoci a ƙofar garin Kwaran.

Darfur ita ce ta fi kusa da mu a lokaci, ita ce kuma ta fi kusa da tsohuwar hanyar gabas. Ta Janaina da Alfashir alhazan ƙafa suke bi. Ta ƙasar Sudan mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka nufa bayan yaƙin Burmi na 1903, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ta nan ne ma, tun daga 1940, jiragen yaƙin Ingila da ake haɗawa a Takoradi suke bi, su sauka Kano da Maiduguri da Janaina da Alfashir da Hartum kafin su isa Masar. Sojojin Nijeriya sun shiga Darfur a watan Agusta 2004 ƙarƙashin Tarayyar Afirka, kwamandan farko kuma Manjo Janar Festus Okonkwo ne. A ƙarshen 2007 aikin ya koma na haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNAMID, wanda wa'adinsa ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020.

Sojan da ya je Darfur bai sha wuyar harshe kamar kakansa na Masar ba, don kuwa a kasuwannin Niyala da Alfashir akwai jikokin alhazan da suka yada zango ba su ƙarasa ba, waɗanda mutanen Sudan ke haɗawa da Fulani su kira Fallata ko Takari, kuma da yawansu suna jin Hausa. Hausar tasu ta cuɗu da Larabcin Sudan, amma tana riƙe da tsofaffin kalmomi na zamanin da kakanninsu suka bar gida. Wuyar da ya sha ta wani fanni ce. Masu kisa Musulmi, waɗanda ake kashewa Musulmi, dukkansu Malikawa masu karatun allo kamar mutanen Kankiya, kuma rabon da ake yi tsakanin "Balarabe" da "baƙar fata" ba ya bayyana ga ido. Ranar 29 ga Satumba 2007, cikin watan azumi, da almuru bayan an sha ruwa, 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita. Ma'aikatan kiyaye zaman lafiya 12 suka mutu, mafi yawansu 'yan Nijeriya, a lokacin da Janar Martin Luther Agwai ke riƙe da rundunar.

'Yan Masar kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage sai takardar sallama da lambar yabo a ƙasan adaka, in gara ta bar su. 'Yan Labanan yanzu sun haura shekara 60, wasu sun koma gona a Kusada da Kankiya, wasu suna gadi a Kano da Kaduna. Ɗalibin da zai je wurinsu da rikoda kada ya buɗe da tambayar yaƙi, domin amsar gajera ce. Ya tambaye su wane masallaci suka yi Juma'a, wa ya ja sallar, da wace kalma suka sayi burodi, da kuma abin da 'yan ƙauyen suke kiransu da shi idan sun juya baya.