Mintuna Goma na Farko: Yadda Taba Ta Ruɗi Likitoci da Malamai

A watan Nuwamba na 1492, mutanen Kolumbus biyu, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka shiga cikin tsibirin Kuba suka tarar da mazauna wurin suna naɗe busasshen ganye suna kunna wa wuta suna zuƙa. Daga wannan ranar har kusan shekara ɗari huɗu da hamsin, duniya ta riƙa yi wa taba hukunci da abin da take yi wa jiki nan take, domin shi kaɗai ido ke gani.

Abin da ake gani kuwa yana da ban sha'awa. Mai zuƙa yana jin ɗan jiri, barci ya gudu, yunwa ta lafa. Likitan birnin Sebiya, Nicolás Monardes, ya rubuta a 1571 cewa ganyen yana maganin cututtuka da dama, yana kuma kashe yunwa da ƙishirwa. Kafin shi, jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da taba zuwa fadar ƙasarsa a matsayin magani. Daga sunansa aka samo kalmar nikotin.

Da taba ta iso ƙasashen Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 16, tambayar malamai ita ma a kan mintunan farko ta tsaya: shin wannan jirin maye ne? Ahmad Baba na Tumbuktu, yana Maroko a lokacin, ya ba da fatawa a 1607 cewa ba ta gusar da hankali, don haka bai haramta ta ba. Wasu malaman suka saɓa masa. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu bai tsaya muhawara ba, a 1633 ya hana ta da hukuncin kisa. A ganina Ahmad Baba ya amsa tambayar da aka yi masa daidai. Tambayar ce ta gaza.

Wanda ya fi kusa da gano bakin zaren shi ne Bartolomé de las Casas, wanda ya ba da labarin Sifaniyawan da ake yi wa faɗa kan shan taba, su ce ba su da ikon bari.

Dalilin wannan sai daga baya aka fahimta. A 1828 Posselt da Reimann suka ware sinadarin nikotin a Jamus. A 1905 John Langley na Kembrij, yana gwaji da nikotin a jikin tsoka, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin jiki suna da wasu mazaunai da sinadari ke kamawa. Yau mun san nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa. Yana sa a saki adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke har yatsu su yi sanyi. Natsuwar da mashayi ke ji, galibinta sauƙin ƙishin nikotin ne da sigarin baya ya bar masa.

Ga kuma kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu, shi ya sa mai shan sigari ke haki a kan matakala tun huhunsa bai lalace ba.

Sigari ya ƙara tsananta lamarin. Tabar da aka gasa da zafin bututu hayaƙinta ba ya ƙona maƙogwaro sosai, sai aka fara kai shi har cikin huhu, kuma injin James Bonsack na 1881 ya sa kara ya yi araha. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da Wynder da Graham a Amurka, suka danganta shi da sankarar huhu.