Daga Kantin Janhol Zuwa Teburin Mai Caji: Yadda Manyan Kantunan Kayan Lantarki Ke Karyewa

 Yau za mu waiwayi tarihin sana'ar sayar da kayan lantarki, tun daga rediyo har zuwa wayar hannu. Me ya sa manyan kantuna masu rassa birjik suke karyewa, alhali ɗan tireda mai shago ɗaya a kasuwar Gusau yana nan daram?

Bari mu fara da Ingila. A 1933 wani mutum mai suna George Hollingbery ya buɗe ƙaramar sana'a a birnin Hull. Aikinsa shi ne yi wa mutane cajin batirin rediyo, kamar dai yadda samarinmu na Tsafe da Bunguɗu suke kafa tebur da ɗan janareto suna cajin waya. Wannan sana'a ce ta girma ta zama kamfanin Comet, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da talabijin da firji a Birtaniya. A Nuwamban 2012 kamfanin ya karye yana da kantuna sama da 230 da ma'aikata fiye da 6,000. Kafin nan, Circuit City na Amurka ya rufe kantunansa 567 a 2009. RadioShack ya bi sahu a 2015, Maplin na Ingila kuma a 2018.

Ciwon da ya kashe su kusan iri ɗaya ne. Ribar kayan lantarki ba ta taka kara ta karya ba, kuma kaya ne masu saurin tsufa: talabijin ɗin da ake rububinsa bana, baɗi an fito da wanda ya fi shi, dole a karya kuɗinsa. Ga kuɗin hayar manyan gine-gine a tsakiyar gari, ga albashi. Sai kuma intanet ta zo, mutum ya shiga kanti ya duba kaya ya tattaɓa, ya koma gida ya saya a Amazon da rahusa. Kanti ya zama wurin kallo, ciniki kuma yana can wani wuri.

To mu nan gida, tamu karyewar ta riga tasu da shekaru masu yawa, kuma dalilinta daban ne.

Gusau ta zama garin kasuwanci na zamani ne bayan da layin dogo daga Zariya ya ratso ta Funtuwa da Tsafe ya iso ta, ya zarce Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin ƙasa ya jawo kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, wanda iyayenmu ke kira Janhol, da GBO da CFAO na Faransawa, sannan Kwarori suka biyo baya. Daga shagunansu ne kalmar kanti ta shigo bakinmu, kuma har gobe akwai unguwar Kantin Daji a Gusau. Tsarinsu mai sauƙin ganewa ne: su sayi gyaɗa da auduga da fata a hannun manomi, kuɗin kuma ya dawo musu ta ƙofar kanti, inda ake sayar da yadi da gishiri da kananzir da keke da tocila da batir, daga baya kuma har da rediyo. Waɗannan su ne kantuna masu rassa na farko da ƙasarmu ta sani, domin kamfani ɗaya ne ke da reshe a Gusau da Kano da Zariya da Legas, kayan kuma daga jirgin ruwa ɗaya suke saukowa. A manyan birane sun kafa kantunan alfarma, kamar Kingsway na UAC da aka buɗe a Legas a 1948, da Leventis da UTC.

Kakarsu ta yanke saƙa a shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a farkon 1975. Malamin makaranta da ma'aikacin masaƙar Gusau suka sayi rediyo mai kaset da fanka, masu hali suka haɗa da talabijin da firji. Rakoda ta shiga ƙauyuka, ana jin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi a majalisa ba sai an je biki ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, don haka kayan Jafan suna isowa da araha.

Amma a daidai lokacin ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin manyan kantunan. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan fari da cutar da suka afka wa amfanin a tsakiyar shekarun 1970, wato ƙafa ɗaya ta cinikin ta karye. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa harkokin kasuwanci na 1972 da 1977 suka fitar da baƙi daga ƙananan cinikayya, suka kuma tilasta wa manyan kamfanoni sayar da hannun jari. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kantoci suka fara zama wayam. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, a Satumban shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira 4 a tashin farko. Ma'aikacin da ke sayen firji da albashin 'yan watanni ya koma neman na masara. Kafin shekarun 1980 su ƙare, Kingsway ya durƙushe.

Wa ya gaji kasuwar? Ɗan kasuwa mai shago ɗaya. Kasuwar Alaba ta Legas ta zama uwar kayan lantarki, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta zama mashigarsu zuwa Arewa, kayan gwanjo da ake kira tokumbo suka cika gari. Ɗan kasuwar Gusau ya saro daga Kano, na Tsafe da na Bunguɗu su saro daga gare shi, sau da yawa bashi, a biya bayan cin kasuwa. Abin da ya fi babban kanti da shi a fili yake. Hayarsa kaɗan ce. Yaran shagonsa ba albashi suke jira ba, sallama suke jira. Ana taya kaya a yi ragi, kuma ya san wanda zai ba bashi har kaka. Idan rediyo ta lalace, mai gyara yana maƙwabtaka da shi. Babban kanti kuwa farashinsa a rubuce yake, ba ya san kowa.

Zuwan wayar salula a Agustan 2001 ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano suka zama matattara, wayoyin Tecno da itel masu layi biyu suka sa waya ta kai hannun talaka. Sana'o'i suka tsiro a gefe: mai caji, mai gyara, mai turin waƙa da fim, mai sayar da kati, daga baya mai POS. Ko kantunan zamani da suka sake gwada sa'a ba su ji da daɗi ba. Kamfanin Massmart na Afirka ta Kudu, mai kantin Game da ya taɓa samun reshe a Ado Bayero Mall na Kano, ya bayyana a 2021 cewa zai janye daga Nijeriya.

Sai dai kada mu ɗauka ƙaramin ɗan kasuwa ya tsira ke nan. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, bayan an riga an rufe kasuwannin mako. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, wasu ƙananan hukumomin kuma suka fi haka daɗewa. Mutane suna shiga mota su bar jihar don kawai su buga waya. Wa zai sayi waya a garin da ba ta kira? Mai kati da mai POS suka zauna hannu rabbana. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sannan a Yunin shekarar aka saki naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024.

Ga yadda wannan ke cinye jari a ɓoye. A ce ka saro waya goma a kan naira 50,000 kowace, ka sayar a 54,000, ka ga ribar 40,000 a hannu. Ka koma Kano ka tarar ta zama 65,000. Kuɗinka gaba ɗaya, uwa da riba, waya takwas za su saya. Ka ci riba a littafi, amma shagonka ya rame. Idan aka yi haka sau uku ko huɗu, sai kanta ta fara nuna katako. Ƙara da tsadar man janareto tun cire tallafi a Mayun 2023, da fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa wadda kayan ke biyowa ta Tsafe. Wannan ita ce cutar da ta kama Kingsway a 1986, ta dawo ta sami wanda ya gaje shi.

Bambancin shi ne, ranar da Comet ya rufe jaridu sun ƙirga ma'aikatan da suka rasa aiki ɗaya bayan ɗaya. Ranar da mai shagon waya a Bunguɗu ya sa kwaɗo kuwa, babu mai ƙirga yaransa uku da ba a sallama ba, da mai gyaran da ke raɓe a bakin ƙofarsa, da gidajen da suke ci daga wannan shago. Masu amfani da hasken rana, wato faifan sola da batir da fitilu, su ne kasuwar da ke tasowa yanzu saboda rashin wuta, amma su ma da dala ake shigo da su. Muddin abin da muke sayarwa a wata ƙasa ake ƙera shi, farashinsa kuma a wata kasuwa ake yanke shi, to babban kanti da ƙaramin shago duk a tsinin allura ɗaya suke zaune.

Wanda yake da labarin tsofaffin kantunan garinsu daga bakin dattawa, ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru da juna.