Malam Maman Barka: mushen da ya koma ɗalibi saboda biram

Masu saurarenmu na ƙauyuka, da ƴan'uwa mazauna Kano, Libiya da Faransa, sun sha tambayarmu tarihin marigayi Malam Maman Barka. Yawancinsu da gurmi suka san shi. Mu kuwa ta fannin koyarwa za mu ɗauko shi, don nan ne aikinsa ya fi nauyi a ganinmu.

An haife shi a Tasker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Batube ne, ɗan makiyaya, bai gaji kiɗa ba. Lakwal ya yi, ya zama mushe, yana koyar da yara yana kaɗa gurmi mai tsirkiya biyu a gefe, har waƙoƙinsa suka game Nijar da arewacin Najeriya. Daga baya ya yi aiki a Yamai, a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM, wadda aka buɗe a 1989 da sunan marigayi Alhaji Taya. A gidan ana koyar da kayan zamani irin su piyano da jita da gyaran murya, ana kuma ajiye kayan kiɗan gargajiya. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a ƙasar da aka saba ɗan makaɗi ne kawai ke kiɗa.

To, sai maganar biram. Kayan kiɗa ne na Buduma, masuntan tafkin Cadi: tsirkiya biyar, gangar jikinsa ta itace mai siffar kwalekwale. Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba, suna girmama shi. A farkon shekarun 2000, dattijo guda ake ambata a matsayin gwaninsa na ƙarshe a Nijar, Bukar Tar, kuma samari sun juya wa abin baya. A 2002 Malam Barka ya samu tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafki. Mutumin da sunansa ya riga ya kai ko'ina, ya zauna gaban tsoho yana koyon ɗora yatsa kamar ɗan aji ɗaya, ga shi kuma ba Buduma ba ne. Ba kowane mai suna ke iya wannan ba, gaskiya. Kafin Bukar Tar ya rasu, ya damƙa masa biram ɗinsa.

Da shi ya dawo Yamai, da shi ya hau dandalin bikin WOMAD a Ingila a 2008, tare da makaɗin ganga Umaru Adamu. A 2009 aka fitar da faifansu can Ingila, mai suna Introducing Mamane Barka.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018. Kafin nan, tun 2015, rikicin Boko Haram ya tashi mutanen tsibiran tafkin a jihar Difa, wato gidan biram na asali ya watse. Faifai yana riƙe sauti, amma ba ya gyara wa yaro riƙon tsirkiya. Shi ya sa muke roƙo: duk wanda ya koyi biram a hannun Malam Barka, ko ya san mai kaɗa shi a Gigimi ko Boso, ya aiko mana saƙo, mu kawo shi gidan rediyo ku ji.