Tarihin Man Birki: Daga Man Zurma Zuwa DOT 4

Yau ba waya za mu buɗe ba, mota ce.

Kawuna a 'Yandoto yana da wata tsohuwar Land Rover, irin wadda tsofaffi ke kira Landiroba. Ta soja ce, a gwanjo aka sayo ta, har yanzu akwai sauran koren fenti a ƙofarta. Ita ke kai masa buhunan gero kasuwar Tsafe. Wata rana da kaya cike ya taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. Allah ya kiyaye, yashi ne ya tsayar da shi. Da aka buɗe tukunyar man, ashe wani bakanike ne ya ƙara mata man inji, wai ai duk mai mai ne. Wannan ya sa na bi diddigin abin.

Motocin farko da waya da sandar ƙarfe suke jan birki, kamar keke. A 1917 wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya yi rajistar birkin da ruwa ke turawa ta cikin fayif. Motar Duesenberg ta 1921 ce ta fara fitowa kasuwa da shi a tayoyi huɗu, Chrysler ya biyo a 1924, shi ko Ford ya yi ta taurin kai sai 1939.

To wane ruwa suke zubawa? Man zurma, wato cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gari, a gauraya da sinadarin barasa. Dalili kuwa, robobin da ke cikin silinda na asalin ƙaron itace ne, kuma man zurma ba ya cin su. Man da aka tato daga fetur kuwa kumbura su yake yi har su yi laushi kamar tuwo. Abin da ya sami motar kawu ke nan.

Land Rover ta fito a 1948, da birkin kamfanin Girling na Ingila, daram a duk tayoyin. Sojojin Najeriya sun yi aiki da ita sosai, har lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Abin tsoro a tsofaffin shi ne layi ɗaya ne ke kai mai ga tayoyi huɗu. Roba ɗaya ta fashe, shi ke nan, ba gaba ba baya.

Daga baya aka koma sinadarin gilaikol, ma'aikatar sufuri ta Amurka ta sa masa ma'auni. DOT ɗin da kuke gani a jikin gwangwani gajarta sunanta ne. Sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuma 230. Sai dai gilaikol yana shan ruwa daga iska. In ya sha kamar kashi 3.7 cikin 100, DOT 3 na iya sauka zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. A gangara da lodi daram ya yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Ga tsatsa kuma. Mu masu gyaran waya mun san aikin danshi, a hankali yake ci ba a gani. Masu zuba ruwan omo kuwa, wallahi ban san me zan ce musu ba.

Sojan Amurka sun ga motocinsu na daɗewa a ajiye suna tsatsa, sai suka koma man silikon, DOT 5, mai launin shuɗi-shuɗi ja-ja. Ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti. Nan mutane ke ruɗewa, su ce tunda motar soja ce a sa mata shi. A'a. Ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4, yana riƙe kumfar iska, kuma samunsa a Gusau aiki ne. Kar lamba ta yaudare ku: DOT 5.1 gilaikol ne, dangin DOT 4, ba ƙanen DOT 5 ba.

Mu dai DOT 4 muka zaɓa, don a ganina motar da ke kan hanya kullum ba ta bukatar man ajiya. Amma tunda man inji ya shiga, wanke layi bai isa ba. Duk roba sai da aka canza, ta masta, ta silindar kowace taya, da tiyo. Fayif biyu sun yi tsatsa, aka sa sababbi. Shu ɗin baya ya jiƙe da mai, aka jefar. Sannan bilidin: ni ina taka birki, bakanike na kwance yana sassauta noti, daga tayar da ta fi nisa da masta, har kumfa ta daina fita. Gwangwani sabo mai hatimi muka saya, ba na awo a gora ba.

Kawu ya yi ta ƙorafin kuɗi, ya ce sun kai na buhu biyu. Na rubuta masa ranar da aka zuba man a jikin marfin inji, saboda bayan shekara 2 sai an juye shi duka.